Bargon da Muka Ajiye wa Funtuwa

Al-Naseem, Riyad.

Abba ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Da fatan ka sauka lafiya, kana ci kana sha lafiya, sabon aikin jami'ar kuma yana karɓarka. Allah Ya tsare min kai a ƙasar da ban taɓa gani ba sai a fuskar wayarka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Ƙanwarka Ihsan tana gaishe ka. Maƙwabciyarmu Ummu Salman ma ta ce in gaya maka ka riƙa rufe kunnuwanka, sai ka ce ita ta haife ka.

Ban san ranar da wannan takarda za ta shiga hannunka ba. A cikin jakar bargo na sa ta, can tsakiyar ninkin, kuma na san halinka sarai: ba za ka ja zif ɗin jakar nan ba sai ranar da sanyin Kanada ya yi maka kamun da ba ka da yadda za ka yi. To in kana karantawa, sannu da ɗari. Zauna ka ja shi ka rufe ƙafafunka, don maganar tana da tsawo.

Da Hausa na rubuta, kuma da gangan na yi. Na san da Larabci ne ko Turanci, da ka gama kafin shayinka ya huce. Ka bi ta a hankali, da yatsa in ta kama. Kalmar da ta gagare ka ka tambayi Ihsan, ita kuma ta zo ta tambaye ni. Akwai maganar da ba ta fita daga bakina da harshen kowa sai nawa.

Ka tuna ranar da muke haɗa kayanka a falo. Kana fitar da bargon nan daga akwati ina mayarwa, kana fitarwa ina mayarwa, Ihsan tana zaune a kan ɗaya akwatin tana yi mana dariya. Da ka gaji sai ka ce, "Ya Mama, wallahi nauyi gare shi, ya cinye min rabin kilon da aka ba ni. Kuma kwantiragin shekara biyu ne bas, ba ƙari. Ko kujera ba zan saya ba. Katifa a ƙasa, khalas, in gama in taho."

Na tashi na shiga kicin, na kunna famfo, na tsaya ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Kai ka ɗauka fushi na yi don ka raina bargona, shi ya sa ka biyo ni kana cewa to shi ke nan, za ka tafi da shi. Ba fushi ba ne, Abba, tsoro ne. Muryata na ji tana fitowa daga bakinka, har da "in gama in taho" ɗin. Haka na faɗa wa mahaifiyata a ƙofar gidanmu a Funtuwa ranar da za mu taho Riyad ni da babanku, ina amarya, ko cikinka ban samu ba. Shekara biyu na ce mata. Yau ga ka da gemu ana kiranka Dakta, ni kuwa ina nan a ɗakin haihuwar asibitin nan, ina karɓar haihuwar matan da ni na karɓi haihuwarsu.

Tambayar da na kasa yi maka a kicin ita ce: ka gama ka taho ina? Baɗi in Allah Ya kai mu aikina ya ƙare, za a buga min hatimin fita ta ƙarshe a fasfo, in miƙa wa mai gida mukullin wannan gida na Naseem. Kai kuwa tun da ka girma sunanka ya fita daga iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan. Wannan zuwan ma da bizar ziyara ka shigo garin da aka haife ka. Funtuwa kuma, mu faɗi gaskiya, hutu ka sani a can, da cizon sauro, da yaran unguwa suna bin ka suna "ɗan Makka, ɗan Makka". Shekarun karatunka a Malesiya ban damu ba, ɗalibi dama baƙo ne. Amma yanzu aiki ka tafi. In ka je wancan gari na bakin tafki ka zauna a kan akwati kana jiran ranar komawa, to ba ka da inda za ka ajiye kanka ke nan a duniyar nan. Wannan ne ya tsaya min a rai, ba dusar ƙanƙara ba. Shi ya sa zan gaya maka irin zaman da na yi wa Riyad, don kar ka yi wa garin mutane irinsa.

Kuskurena na farko abin dariya ne. Ni a tunanina Saudiyya zafi ce zalla, don duk alhazan garinmu labarin rana suke dawowa da shi. Na cika akwati da atamfa da leshi da mayafai marasa nauyi, na sauka ina taƙama. Sanyin farko ya same mu a wani tsohon gida a Utaiƙa, mai tagogin da ba sa rufuwa sosai. Da sassafe nake tsayawa bakin titi jiran motar asibiti, iska tana ratsa abayata, haƙorana suna haɗuwa. Abokan aikina duk sun sa riguna masu kauri a ciki, ina gani, amma girman kai ya hana ni tambayar inda ake sayarwa, kar a ce baƙuwa ce ba ta san komai ba. Kuma a raina ina cewa, mene ne na sayen kayan sanyi a ƙasar da zan bari nan da shekara biyu? Sai da na kwanta a gadon asibitin da nake aiki, ƙirjina ya cushe. Wata 'yar Masar da muke aiki tare ta zo duba ni, ta ajiye min suwaita a gefen filo, ta ce, "Ya Binta, mu ma fa ba a nan aka haife mu ba. Tambaya muka yi."

To ka tambaya, Abba. Digiri ba ya ɗumama kunne. Kai ɗan Riyad ne, abin da ka sani a kan sanyi shi ne ka kunna hita ka nemi shayi. Can kuwa, a hotunan da ka nuna min, mota ma binnewa take yi. Ka sami wani dattijo a wurin aikinku wanda ya tsufa a garin, ka ce ya nuna maka irin takalmin da yake sawa da irin rigar, ka sayi irinsu ko da sun mayar da kai kamar buhun gero. Kar ka bi na gayu. Sai tafkin nan da ka ce yana daskarewa har ɗalibai suna yawo a kansa. Na ga yadda idonka ya yi haske kana faɗa. Ba zan ce kar ka hau ba, don na san sai ka hau. Amma kada ƙafarka ta taɓa shi sai 'yan garin sun ce ya yi ƙwari, kuma ka bi ta inda suka bi. Ɗa namiji ɗaya gare ni, ba ni da na canji.

Ga kuma wata daga bakin ma'aikaciyar jinya, ba daga bakin uwa ba. In rana ta ɓace maka kwana da kwanaki, ka ji zuciyarka ta yi nauyi ba dalili, kar ka zauna kana tuhumar imaninka. Ka fita ka taka ƙafa ko da sanyi, ka ga likita, ka kira ni. Ba sai kana da labari mai daɗi za ka kira ni ba.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya. Mun dawo Naseem kana rarrafe. Washegarin tarewarmu aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe, sai ga Ummu Salman da faranti a rufe, jarish ne mai zafi, faten alkamar nan nasu. Na karɓa na yi godiya a bakin ƙofa. Ban ce ta shigo ba, don ba mu da kujerar da za ta zauna, kuma ba mu da ita ne saboda mun ce ba za mu saya ba. Muka cinye. Na wanke farantin tas, na goge, na mayar mata da shi wayam. Da a Funtuwa na yi haka da mahaifiyata ta ja min kunne. Na san sarai ba a mayar wa maƙwabci kwano babu komai, a can ko a nan. Amma tunanin matafiyi na yi: in na zuba mata wani abu za ta sake kawowa, in sake mayarwa, a saba, ranar rabuwa a sha wahala. Gara kar a fara.

Matar nan ba ta yi zuciya ba. Azumi ya zo ta aiko, salla ta zo ta aiko, ni kuma ina ta mayar da faranti a wanke. Mun daɗe a haka, ƙofa tana kallon ƙofa. Wata rana muka haɗu a matakala, na dawo daga aiki, ta tare hanya ta kama ƙugu ta ce, "Ya Binta, ku a ƙasarku ba a ba maƙwabci abinci ne? Kullum ƙamshin girkinki yana shigo min ta taga, farantina kuma yana dawowa yana sheƙi. Ni wanki na ce ki yi min?" Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. A makon na yi masa da miyar taushe na kai mata da kaina. Ta ci tana fifita baki tana hawaye saboda yaji, ta kuma ce in ƙaro. Sauran ka sani. A ɗakinta ka koyi Larabcin da yau kake yi min burga da shi.

Saboda haka dabinon da na sa maka a ƙaramin akwati, wanda na je har kasuwar Utaiƙa na zaɓo, ba naka ba ne kai kaɗai. In ba ka riga ka cinye ba, ka zuba a faranti ka ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon taka. In an kawo maka abin da ba ka ci, ka karɓa da fara'a ka yi bayani a hankali, kar ka yamutsa fuska. In akwai tsohuwa a layinku, ranar da ƙanƙara ta rufe ƙofofi ka share nata kafin naka. Ka riƙe sunayen mutane. Kuma don Allah ka sayi kujera, ka sayi fiye da ɗaya, yadda in an ƙwanƙwasa maka za ka iya cewa a shigo.

Masallaci ma haka. A nan gari ne yake tuna maka salla: ladan ya kira ta ko'ina, kantuna su rufe, ko ba ka yi niyya ba ƙafarka ta kai ka. Can babu mai rufe kanti dominka. Ka ce min akwai wani ɗan ɗaki da musulmin jami'ar suke haɗuwa ran Juma'a. Ka je da wuri, kuma in an sallame kar ka zari takalmi ka fice. Ka tsaya a gaisa, ka taya naɗe darduma, har a san fuskarka, yadda ranar da ba ka zo ba wani zai tambaya.

Yanzu bargo.

Ka tashi ka ga kwalaye a gidan nan, ƙila har ka ɗauka kowane gida haka yake. A bayan ƙofa kwali, ƙarƙashin gado kwali, saman sif kwali, kowanne an ɗaure shi da igiya an rubuta Funtuwa a jikinsa. Haka duk mutanenmu na nan suke yi, direba da likita. Abu mai kyau in ka gani a kasuwa ka saya, amma ba don nan ba, don gida. Kofunan tangaran masu bakin zinare suna kwali, mu muna shan shayi a na roba. Labule mai kyau yana kwali, tagarmu tana sanye da tsohon zanin gado. Ko ƙusa ban yarda an buga a bango ba, wai gidan haya ne. Ka tuna jan keken nan? Babanku ya sayo maka, ni na ce titin Naseem motoci sun yi yawa, a bari sai Funtuwa ka hau a tsakar gidanmu. Ka riƙa zuwa kana leƙa shi ta ramin kwalin. Kafin a tura shi ƙafafunka sun fi ƙarfinsa. Ba ka taɓa yi min ƙorafi ba, ni kuwa ban manta ba. Ka yafe min wannan.

Ba na cewa duk abin da muka yi banza ne. Da wannan ƙuƙumin aka gina gidan Funtuwa, da shi kuka yi karatu, kuma in aka mayar da ni baya zan sake yin tanadi. Abin da ba zan sake ba shi ne in hana mu rayuwa a inda muke don ina tanadin inda ba mu je ba.

Bargon nan babanku ne ya sayo shi, ranar da aka yi masa waya cewa an zuba harsashin gidan Funtuwa. Daga wurin aiki bai zo gida ba, ya wuce kasuwa. Sai ga shi ya shigo da ƙatuwar jaka a ka, yana haki yana dariya, a tsakiyar zafi, gumi ya jiƙe masa riga. Na ce, "Malam, lafiya? Bargo a wannan watan?" Ya ce, "Sista, wannan na ɗakinmu ne." Ka san haka yake kirana in yana cikin nishaɗi. Ya ce wannan ba za a tura shi a jirgin kaya ba, da shi za mu hau jirgin ƙarshe, daren farko a gidanmu na kanmu da shi za mu lulluɓa. Muka leƙa shi ta ledar jakar, ruwan hanta da manyan furanni, waɗanda kai ka ce sun yi kama da labulen otal. Ko zif ɗin ba mu ja ba. Ya hau kujerar kicin ya ɗora shi saman sif.

Bayan wasu shekaru aka yi wani sanyi mai tsanani, har da ruwan sama. Wata Juma'a babanku ya dawo daga masallaci da mura da zazzaɓi, ya kwanta yana rawar ɗari. Na ba shi magani, na kunna hita, na rufa masa 'yan barguna namu na kullum waɗanda duk sun sirance. Can ya ɗaga ido sama ya ce, "Sista, sauko mana da bargon nan mana. Yau kam ranarsa ce."

Na ce, "Haba Malam, na Funtuwa ne fa. Kai da bakinka ka faɗa."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haka ne. To Allah Ya kai mu Funtuwa."

Na ce amin. Na sa masa safa a kan safa, na ƙara masa babbar rigarsa a sama, na kawo masa shayi da citta, ina jin kaina mace mai tsari wadda ba ta karya doka. Ya warke, ya koma aikinsa. Kar ka ɗora min abin da Allah bai ɗora min ba: ba rashin bargo ne ya kashe babanku ba. Ya ƙara shekaru masu yawa bayan nan, kuma a tsakiyar zafi zuciyarsa ta tsaya, kana gida hutu, kai ka shiga kabarin ka karɓe shi. Amma mutumin nan abu ɗaya ya roƙe ni daga cikin kwalayen nan duka, nasa ne, shi ya ɗauko shi a ka, yana saman kansa yana kallo, na hana shi. Bai sake tambaya ba har ya koma ga Allah.

Ga shi nan kwance a maƙabartar Naseem, mutumin da ya zo shekara biyu. Kullum motar asibiti tana bi da mu ta gefen katangar, in yi masa sallama a zuciyata. Ranar rasuwar, ka gani da idonka, Ummu Salman ce ta riƙe ni, ita ta buɗe falonta aka zauna karɓar gaisuwa don namu ya yi kaɗan, ita ta ciyar da mutane. Matar da na so in hana kaina sabawa da ita.

Da na gama takaba na je Funtuwa na buɗe ɗakin da muke tara kaya. Gara ta ci gindin kwalaye. Labulen nan mai kyau ɓera ya haihu a ciki. Kofunan tangaran suna nan lafiya, sai dai ba wanda zan ce ya zo mu sha shayi a ciki, don mahaifiyata da na yi wa alkawarin shekara biyu ta riga ta tafi, ƙawayena kuma sun zama baƙi, muna gaisawa muna neman abin faɗa. Na ga jan kekenka na ba ɗan maƙwabta. Na zauna a ɗakin da babanku ya ce namu ne, ɗaki mai kyau, fenti sabo, ban san ko ta ina rana take shigowa ba. A can na gane ashe gidan da na yi rayuwa a cikinsa shi ne wannan na haya, mai zanin gado a taga. A nan na goya ku, a nan muka yi faɗa muka shirya ni da babanku, a nan ya yi furfura. Shekara ashirin da ɗoriya ina cikin gidana ina ce masa masauki.

Ban sani ba ko shekara biyu za ka yi a can ko ashirin. Kai ma ba ka sani ba, takardar kwantiragin ma ba ta sani ba. In biyun ce, to biyu ce daga cikin ranka, ba za a mayar maka da su ba. Ka kwance akwatinka duka, ka ɗaga shi sama inda ba za ka riƙa ganinsa ba. Ka rataya labule. Hoton babanku da na sa maka, ka tambayi mai gida ka buga ƙusa ka rataya shi. Ka sayi tukunyar da ta fi cikinka, don wata rana ka dafa da wani. In Allah Ya haɗa ka da yarinyar kirki, kar in ji ka ce mata ta jira kwantiragi ya ƙare. Ka kira ni, ni na san yadda za a yi. Ranar da za ka bar garin, in za ka bar shi, ina so ka yi kuka, a kuma yi kukan rabuwa da kai. Ni na guje wa wannan kukan, ga shi yana jirana baɗi, kuma yanzu na san da ban same shi ba da na yi asara.

Saura abu ɗaya, kuma na san in ban faɗa ba za ka yi halin gado. Za ka karanta labarin babanku, idonka ya cika, ka ce wannan bargo ai abin tarihi ne, ka ninke shi ka mayar jaka ka ɗora saman sif. To na riga ka.

Ranar da ka fita sallama da abokanka, bayan azahar, na hau kujerar kicin na sauko da shi. Na ja zif ɗin, har ya ɗan cije don daɗewa. Na kunna na'urar sanyaya ɗaki na kai ta ƙarshe, na shimfiɗa shi a gadonmu, na shiga ciki. Ihsan ta leƙo ta ce, "Mama, lafiyarki? Waje fa wuta ake yi." Na ce ta ja min ƙofa. Abba, babanku ya iya zaɓe. Laushi gare shi, da nauyi mai daɗi, ɗumi ya ratsa ni har ƙashi. Na mutum biyu ne, sai na kwanta a gefena na bar masa nasa gefen. Na ce, "Malam, ga shi na sauko da shi." Na yi kukana mai isata, daga nan barci ya ɗauke ni har la'asar ta kusa wucewa, irin barcin da na daɗe ban yi ba.

Da na tashi na turara shi da turaren wutar nan da kake cewa yana sa ka atishawa, har sai da ya kama shi ciki da waje. In ka duba gefe ɗaya wajen ƙasa za ka ga tabon shayi. Ni ce. Ban yi da gangan ba, amma da na gani ban wanke ba. Saboda haka ba sabo ba ne, Abba. An riga an lulluɓa da shi, an yi kuka a ciki, an zubar masa da shayi. Babu sauran abin da za ka adana. Jakar ma ka jefar da ita.

Ba zan tambaye ka a waya ko ka buɗe ba, zan jira. In ka karanta, ba sai ka nemi kalmomin Hausar da za ka ba ni amsa ba. Ka kira ni ta bidiyo kana lulluɓe da shi, a kan kujera, in gani, ya ishe ni.

Allah Ya tsare fitarka da shigarka. Ya tsare ƙafarka a kan ƙanƙara, Ya tsare zuciyarka a cikin kaɗaici, Ya sa garin nan ya karɓe ka, kai ma ka karɓe shi. Allah Ya jiƙan babanku, Ya lulluɓe shi da rahamarSa. Na yafe maka duniya da lahira, Allah Ya yi maka albarka. Ya kuma ba ka tsawon rai da lafiya har ka ga bargon nan ya tsufa ya yage a jikinka.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Binta.